Sau huɗu layi ya zo kaina

Talata, dare ya yi nisa, barci ya ƙi zuwa.

Da zumuɗi na fita atisayen yamma. Tun daren jiya na zana komai a takarda: minti 90, kashi biyar, har da kibiyoyi masu nuna inda kowa zai bi. Da yara 16 na yi lissafi, sai ga 23 a fili. Ƙwallo biyar gare mu, biyu kuma ba iska. Maimakon in sauya tsari nan take, sai na kafe a kan takardata, don ta yi mini kyau. Na jera su layi biyu, kowa ya zagaye robobi shida da ƙwallo, ya buga raga, ya koma baya.

Da aka tashi ina tattara robobi, Auta ya tsuguna kusa da ni yana kwance igiyar takalmi. Na ce, "Yaya atisayen yau?" Ya ce, "Lafiya lau, Koci." Can sai ya ƙara da cewa, "Amma sau huɗu layi ya zo kaina." Na yi dariya na ce, "Au, ƙirgawa kake yi?" Ya ce, "Ai babu abin yi a layin ne, Koci." Ya saɓa jakarsa ya tafi. Da rashin kunya ya faɗa da na sami abin kamawa, amma ko ɗaga kai bai yi ba.

A hanya na buga lissafin. Mutum 12 a layi, kowa na cin wajen daƙiƙa 30 har da ɗauko ƙwallon da ta wuce raga. Zagaye ɗaya minti 6 ke nan. Na riƙe su minti 24 a wurin. Sau huɗu cif, yaron bai ƙara ko ɗaya ba. Wato minti biyu ƙwallo ta yi a ƙafarsa, sauran 22 yana kallon ƙeyar na gabansa. Ni kuwa ina gefe da usur a baki, ina jin daɗin yadda layin ya miƙe.

Daga nan sauran suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Jawabin da na yi musu kafin a fara, wanda har Kyaftin ya koma kallon sama, jikinsu ya huce. Zagayen fili takwas da na ba su, alhali ranar Lahadi suka buga wasa, kuma na sani sarai tsoka kan nemi awa 48 zuwa 72 kafin ta murmure. Ɗumama jiki ma na yanke shi don in sami lokacin robobina. Tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ minti 20 yake ci, ni na gama a biyar. Kuma ni ne nake yi wa sauran kococi wa'azi da binciken Norway na 2008, inda aka gwada shi a kan 'yan mata kusan 1,900, raunuka suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yau ga ni.

Gola kuwa, Allah sarki. Babu layi ko ɗaya da na rubuta masa a takardar. Ya tsaya kawai ana ta ɗirka masa ƙwallo.

Usur ɗina ya fara shaƙewa.

Ranar Alhamis fili uku ƙanana zan yanka, huɗu da huɗu, ni in cike gurbin na 24 in ta kama. Bayani kada ya wuce minti ɗaya. Zan kuma rubuta tsari na biyu a bayan takardar, ko da 12 ne suka zo. Ina so in sa Auta ya sake ƙirgawa, amma ina jin nauyin tambayarsa.

Famfon iska ma har yanzu ban tuna wanda ya ara ba.