Kada a jefar da tsakuwar da aka ciro daga mafitsarar kare

Idan likitan dabbobi ya gama tiyata, yakan fito da ɗan kwano ya nuna wa mai kare abin da ya ciro. Wani lokaci tsakuwa ɗaya ce mai santsi kamar ƙwan tattabara, wani lokaci tarin ƙanana ne masu kaushi kamar tsakin masara. Mai kare ya yi mamaki, ya ɗauki hoto a waya, daga nan sai kwandon shara. To a nan aka yi asara, domin tsakuwar nan ita kaɗai ce za ta faɗi dalilin fitowarta. Tiyata tana cire tsakuwa, amma ba ta taɓa abin da ya haife ta, shi ya sa bayan wata takwas ko shekara guda ake ganin karen ya koma tsuguno yana yunƙuri, fitsari na ɗiga da jini.

Abin da ya kamata shi ne a ɗauraye ta, a bar ta ta bushe, a sa a kwalba mai murfi ba tare da ruwa ko maganin adana nama ba, a aika ɗakin gwaji. A aika da ita ɗungurungum, kada a fasa a ba da ɓari, saboda sau da yawa cikinta wani sinadari ne, ɓawonta kuma wani daban. Cibiyar da ta fi shahara a wannan aiki tana Jami'ar Minnesota a Amurka, an kafa ta a 1981, kuma likitocin dabbobi daga ƙasashe da dama suna aika mata ta duba musu kyauta, kuɗin aikawa kawai ake biya. Duban ido ba ya wadatarwa, ko ƙwararre yakan yi kuskure.

Iri biyu ne suka fi yawa, kuma maganin ɗaya yana iya zama abin da zai ƙara wa ɗayan ƙarfi.

Na farko shi ne sitirubait, wanda ya fi kama karya fiye da namijin kare. A jikin kare, kusan kullum ciwon sanyin mafitsara ne tushensa. Akwai ƙwayoyin cuta, musamman Staphylococcus da Proteus, da ke farfasa sinadarin yuriya na cikin fitsari ya koma amoniya. Daga nan fitsarin sai ya bar ɓangaren tsami ya karkata ɓangaren kanwa, ma'aunin pH ya haura 7, ma'adanai su fara daskarewa. Wannan iri yana narkewa ba tare da wuƙa ba, idan aka haɗa abinci na musamman irin Hill's s/d ko Royal Canin Urinary S/O da maganin ƙwayoyin cuta da ya dace. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, ana ɗaukar hoto duk bayan mako huɗu, kuma a ci gaba da abincin kamar wata guda bayan hoto ya nuna babu komai. A tsawon wannan lokaci ba a ba shi ko loma ɗaya ta wani abinci, ba ƙashi, ba ragowar tuwo.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wajen maganin. A je kemis a sayo kafso, a ba shi kwana biyar, jini ya tsaya, a ce ya warke. Alhali ƙwayoyin cutar suna nan binne cikin tsakuwar, hawa-hawa kamar ɓawon albasa, duk hawan da ya narke sai ya sako sababbi. Dole a yi gwajin shuka fitsari don a san ƙwayar da kuma maganin da ke kashe ta, kuma likita ya zuƙo fitsarin da allura kai tsaye daga mafitsara, domin wanda aka tara a kwano ya riga ya gauraya da dattin fata. Bayan an gama, a sake shukawa duk wata har sau biyu ko uku. Idan sanyin yana ta dawowa, a nemi dalili: ciwon suga, yawan sinadarin kotisol a jiki, fitsarin da ke zuba ba da sanin karya ba, ko naɗin fata da ya rufe gabanta yana tara danshi. Karyar da aka raba da ciwon sanyi da wuya ta sake yin sitirubait, ko da ta koma abincinta na da. (Abincin s/d yana da maiƙo sosai, ba na dindindin ba ne, kuma ba a ba kwikwiyo ko mai ciki.)

Na biyu, kalsiyam okzalet, shi ne mai taurin kai. Ba ya narkewa da kowane abinci ko magani, sai an cire. Ya fi kama maza masu matsakaicin shekaru daga ƙananan jinsi irin Lhasa Apso, Shih Tzu, Bichon Frise, Yorkshire Terrier da ƙaramin Schnauzer, kuma a cikin shekara uku yana iya dawowa ga kusan rabin karnukan da aka cire wa. Wanda ke da irin wannan kare gara ya san gaskiya tun farko: abin da ake nema shi ne a jinkirta dawowar, kuma a kama ta tana ƙarama. A fara da gwajin kalsiyam na jini, domin idan ya yi yawa akwai wata cuta a ɓoye da sai an magance ta tukuna. A daina ba shi ƙarin bitamin C da D. A janye alayyahu, dankalin Hausa, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, domin suna ɗauke da okzalet, sinadarin da ke haɗuwa da kalsiyam ya zama wannan tsakuwa. Amma kada a ce za a cire kalsiyam daga abinci kwata-kwata, wannan kuskure ne da ake yawan yi. Kalsiyam na cikin abinci shi ke kama okzalet tun a hanji ya fita da shi ta kashi. Idan babu shi, okzalet ɗin sai ya shiga jini ya ƙare a fitsari. Haka kuma ba a ba wannan kare abin da ke ƙara wa fitsari tsami. Ana so pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 7.5. Idan abinci da ruwa sun kasa, likita yakan ƙara maganin fotasiyam sitiret, kimanin miligiram 75 ga kowane kilo sau biyu a rana, ko haidirokulorotayazaid, miligiram 2 ga kilo sau biyu a rana, tare da bibiyar jini.

Akwai wasu iri biyu, yuret da sistin, da ba su kai waɗannan yawa ba. Yuret gado ne a jinsin Dalmatian da Bulldog, kuma idan aka gan shi a wani ƙaramin kare a binciki hanta, domin yakan nuna jini yana kauce mata. Ba ya fitowa sosai a hoton eksire, sai da sikanin. Maƙiyin kare mai wannan tsakuwa kayan ciki ne irin hanta da ƙoda, wato abin da masu kare suka fi saye wurin mahauta don araha, sai kuma kifin gwangwani. Ƙwai ya fi masa. Ana ba da maganin alofurinol, amma idan aka ba shi maganin kuma aka ci gaba da ba shi hanta, wata sabuwar tsakuwa ce mai suna zantin za ta fito. Sistin kuwa ya fi kama mazan da ba a fiɗiye ba, kuma a wasu jinsi irin Mastiff da Bulldog fiɗiya kaɗai takan rage matsalar ƙwarai.

Akwai kuma tsakuwar da ba dawowa ta yi ba, da ma ba ta fita ba. A tiyatar mafitsara ana iya barin ƙanana a baya, musamman waɗanda suka gangara cikin hanyar fitsari. Saboda haka a nemi a ɗauki hoto nan take bayan ɗinki, kafin kare ya farfaɗo. Idan aka ga tsakuwa mako shida bayan aiki, mafi yawa ragowa ce. Zaren ɗinkin da ya leƙo cikin mafitsara shi ma yakan zama ƙwayar da ma'adanai ke taruwa a kai, wannan na daga cikin dalilan da ya sa ba a son yawaita yanka.

Duk irin da aka samu, ruwa ne ginshiƙi, kuma a nan mai kare ya fi likita tasiri. Kare lafiyayye yana shan mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a rana, wato mai kilo 10 yana shan kamar leda ɗaya ta fiya wata da ɗan ɗori. Mai tsakuwa yana buƙatar fiye da haka, kuma ajiye kwano kawai ba ya isa, domin kare ba ya shan abin da ya wuce ƙishinsa. Sai an shigar da ruwan ta abinci. Busasshen abincin buhu ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa ya kai kashi 75. Idan na buhu ake da shi, a jiƙa: a fara da kofi ɗaya na ruwa ga kofi ɗaya na abinci, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu har ya kai kofi biyu ko fiye, a bar shi minti 15 ya kumbura. A lokacin zafi kada jiƙaƙƙen abinci ya wuce awa ɗaya a kwano, zai yi tsami. Yadda za a san an dace shi ne gwajin kaurin fitsari: ana so ya sauko ƙasa da 1.020, a fitsarin farko na safe, wanda shi ne mafi kauri. Da ido ma, fitsarin ya zama kusan fari, ba ruwan ɗorawa mai duhu ba. A kai samfurin cikin awa ɗaya, domin idan ya daɗe ko ya kwana a firji yakan fitar da ƙyalƙyalin ma'adanai da babu su a cikin jiki, a tayar da hankali a banza.

Ruwan da aka sha kuma sai an ba shi hanyar fita. Al'adar kulle kare a keji tun asuba har bayan isha'i, a sako shi da dare don gadi, tana taimakon tsakuwa ƙwarai. Da yawan karnuka ba sa yarda su yi fitsari inda suke kwana, sai su riƙe awa 12 ko fiye, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri yana ƙafar da ruwan jiki. A fito da shi aƙalla sau huɗu a rana, na ƙarshe daf da barci. Kada a zuba masa kanwa a ruwa da sunan wankin mara, ga mai sitirubait ƙara wa wuta fetur ne. Kada kuma a ba shi ibufurofen ko dikulofenak na mutane don yana kuka, suna lalata ƙodar kare da cikinsa.

Sai bibiya. A ɗauki hoto ko sikanin duk wata uku zuwa shida ko da kare yana wasa lafiya lau. Asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya wuri ne da ya dace a fara tambaya. Amfanin wannan shi ne tsakuwar da ba ta wuce milimita 3 ba ana iya fitar da ita ba yanka: a sa kare barci, a cika mafitsara da ruwan gishirin asibiti ta robar fitsari, a ɗaga shi tsaye, a matsa mara a hankali, su fito tare da ruwan. Idan aka jira sai alamu sun bayyana, ta riga ta girma.

Namijin kare hanyar fitsarinsa doguwa ce, kuma tana ƙuntata a gindin wani ƙashi da ke cikin azzakarinsa, nan tsakuwa ke maƙalewa. Idan ya ɗaga ƙafa sau da yawa babu abin da ya fito, mara ta yi tauri, ya fara amai ko ya ƙi abinci, ba a jiran gari ya waye. Fitsarin da ya toshe yana tara fotasiyam a jini har zuciya ta tsaya, cikin kwana biyu zuwa uku. Kada a matsa masa mara a gida, mafitsara na iya fashewa. Likita zai sa roba ya tura tsakuwar ta koma ciki da ƙarfin ruwa, ya yi masa ƙarin ruwa, sannan a tsara cirewa. Karen da ya toshe sau biyu ko uku, ana iya buɗe masa sabuwar ƙofar fitsari mai faɗi a wajen maraina, a haɗa da fiɗiya. Wannan aiki yana hana toshewa, amma tsakuwar za ta ci gaba da haɗuwa a mafitsara, don haka jiƙa abinci da gwajin fitsari suna nan yadda suke.