Takardar da na rubuta tun ina da lafiyata

Ina da ciwon bipolar, kuma idan ya taso min wallahi ba ni ba ce, kwana nake ban runtsa ba ina ta surutu ina kashe kuɗi, ba na yarda da kowa. A irin wannan halin ne aka taɓa yi min allurar haloperidol a asibiti, wuyana ya sandare, harshena ya yi nauyi, ina so in ce a daina amma wa zai saurari wadda aka ce ba ta cikin hayyacinta?

Nan Sikotlan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2003 ta ba mutum dama ya rubuta tun yana lafiya irin maganin da yake so da wanda ba ya so. Nas ɗina ce ta nuna min. Sai ka rubuta, ka sa hannu, sannan likita ko nas ko lauya ko soshiyal woka ya shaida cewa da hankalinka ka yi.

Na rubuta kar a ƙara ba ni haloperidol, kuma na faɗi dalili, don dalilin shi ke ba takardar nauyi, in ka ce kawai ba na so sai a ɗauka gardama ce. Na ce lithium ya karɓe ni, amma in azumi ya zo a zauna da ni a duba jinina, tunda rashin ruwa a jiki na sa shi ya taru ya zama guba. A wata takarda daban na sa abincin halal, lokacin sallah, da cewa mace nake so ta duba ni in da hali.

Gaskiya ba wai dole likita ya bi ba, yana iya tsallakewa, amma fa sai ya rubuta dalilinsa ya ba ni, ya aika wa hukumar da ke sa ido kan haƙƙin masu irin ciwonmu. Wannan kaɗai ya sa nake barci da sauƙi.

Wurin zaɓen wakili, wato wanda zai tsaya min a kan maganar magani idan ciwon ya taso, a nan ne na sha fama. Yayana ne babba, ya so a sa shi, amma har yau shi gani yake aljanu ne, ruƙiyya kawai za a yi. Ƙanwata na sa, ita ce ta san sunan kowane magani nawa kuma ba ta jin nauyin yi wa likita tambaya. Yaya ya yi fushi, Umma ce ta kira shi daga Kano ta ce ya bar ni da zaɓina.