Gane bajin Apollo na da daga na yanzu

Kafin ka duba fuskar bajin Apollo, wato tambarin yadi na tafiye-tafiyen 'yan sama jannatin Amurka a shirin zuwa wata, juya shi. Na zamanin Apollo bayansa zallar yadi ne da zare, za ka ga ɗinkin ƙuru-ƙuru. In an lulluɓe bayan da roba mai sheƙi, galibi bugun baya-baya ne, ko da zanen bai canza ba. Sai awo: inci 4 shi ne girman da aka fi sani, mai inci 3 kuwa na tsaraba ne.

Kamfanoni biyu masu ɗinka bajin ne suka fi rikita masu tarawa, AB Emblem da Lion Brothers. Daga Apollo 12, Lion Brothers kan ɓoye lambar tafiyar cikin ɗinkin: 12 na cikin sawun da jirgin ruwan da ke zanen ya bari, 13 kuma a gezar dokin da ke bajin Apollo 13. Sai an duba da kyau ake ganinta, kuma ita kaɗai kan sauya farashi.

Wanda 'yan sama jannatin suka sa a rigar kumbo ma ba ɗinki ba ne. Bayan gobarar Apollo 1 a 1967, buga tambarin aka riƙa yi kan yadin Beta na zaren gilashi, wanda ba ya kama wuta. Kada ka ninke shi, zaren karyewa yake yi.