Akwatin Koci

Laraba, bayan isha'i.

Yau aka yi sadakar bakwai ta Koci, mai horar da tsohon kulob ɗinmu na ƙwallo, Allah Ya jiƙansa. Ana watsewa babban ɗansa ya riƙo hannuna ya ce, "Baba, Hajiya ta ce ku ɗan dakata, akwai ajiyarku." Sai ga akwatin ƙarfe an fito da shi zaure. Ina buɗewa warin kafur ya buge ni. Jesunanmu ne koraye, lambobin da tela ya ɗinka da farin yadi duk sun koma ruwan ƙasa. Ga usur ɗinsa, ga littafin karo-karo, sunan kowa da abin da ya bayar ran Juma'a. Na ga nawa, an rubuta "gola" a gefe, da bashin sati uku.

A shekarar da aka ba mu jiha, 1987, muka kafa kulob ɗin a wani fili can bayan Ƙofar Marusa. Da toka muke zana layi, gora ce sandunan raga. In za mu wasa Daura ko Dutsin-Ma, a bayan akori-kura muke tafiya, kuma Koci ke cika kuɗin mai daga albashinsa na malamin firamare. Ban taɓa jin ya yi wa kowa gori ba.

Lokacin da muka fi cika shi ne 1996. Daren da Kanu ya fitar da Brazil a gasar Olympics ta Atlanta, 4 da 3, gari na wayewa yara suka yi dafifi a filin, har sai da Koci ya raba su kashi uku.

Daga baya aka yanka filin fuloti. Wasu suka yi aure, wasu suka tafi Legas neman kuɗi, samari kuma suka koma gidan kallo suna musu kan Arsenal da Chelsea. Babu wanda ya taɓa cewa an rushe kulob, kawai wata Juma'a ce ta zo ba a karɓi karo-karo ba. Abin da ke ci mini rai, yaran da ke tururuwa Karkanda kallon Katsina United ko sunanmu ba su taɓa ji ba.

A hanyar dawowa na bi ta wurin. Inda nake tsayawa tsaron raga yanzu shagon cajin waya ne. Na tsaya na ƙirga sunayen littafin da fitilar waya: ashirin da biyu, bakwai sun riga mu gidan gaskiya. Gobe in Allah Ya kai mu zan kai wa kyaftin ɗinmu jesinsa, yana kwance ba lafiya tun azumi.