Kantar filawud, kwandunan roba da adakar Umma: yadda na samu lafiya da kayan yarana

Wata Litinin ce da safe, bakwai saura kwata, mai adaidaitan da ke kai yara makaranta yana ƙofar gida yana ta danna hon, ni kuma ina durƙushe gaban jakar Ghana-must-go ina zazzage ta saboda safa ƙafa ɗaya. Na samu safar, amma sai da na juye duk kayan da na ɓata yinin Asabar ina ninkewa. Babbar 'yata tana tsaye da hijabinta a hannu idonta ya ciko da ƙwalla don ta san za a tare su a bakin get, kuma ba laifinta ba ne. Wallahi abin ya tsaya min a rai har dare, a ranar na ce toh ya isa haka.

Gidan haya muke a Kano, ciki da falo sai wani ɗan ƙaramin ɗaki da muka bar wa yara. Su uku ne, mace mai shekara 8, namiji mai 5, sai autana da bai daɗe da fara tafiya ba. Duk wadda take da yara ta san kayansu ba irin na manya ba ne, ƙanana ne amma yawa gare su kamar me, ga yunifom ɗin boko ga na Islamiyya ga kayan zaman gida ga na fita unguwa ga na Sallah da ba a so su sha wahala, ga safa da singileti da kamfai da hula da ɗankwali waɗanda su ne suka fi ɓata, kuma duk wata shida wani ya fi ƙarfin wani abu sai an sauke an ɗora.

Sau biyu na kashe kuɗi a banza kafin na gane, shi ya sa nake so na faɗa dalla-dalla.

Na farko irin wadrob ɗin nan ne na yadi mai zif, wanda ake haɗa shi da siraran ƙarafuna da mahaɗin roba. A Sabon Gari na saye shi, ya yi kyau ranar da aka kafa, ba zan ɓoye ba. Zif ɗin ne ya fara tafiya saboda yaro ba ya jan zif a hankali, fizga yake yi. Daga nan mahaɗan robar suka fara tsagewa ɗaya bayan ɗaya, abin ya karkace gefe guda, na ɗaure da tsumma na tokare da kujera har dai na haƙura. Wanda yake zaune shi kaɗai ko ɗaliba a hostel zai iya yi mata, amma ɗakin yara uku a'a.

Na biyun shi ya fi min ciwo don adashina na ɗauka na saya. Durowa ce mai hawa biyar, fara tas da hoton 'yar tsana a jiki, tana sheƙi. Ban tambayi da wane katako aka yi ta ba, ban ma san ana tambaya ba. Ashe MDF ne, shi kuwa garin katako ne ake cakuɗawa da gam a matse shi ya zama allo, a lulluɓe samansa da wani abu mai santsi. Muddin bai ga ruwa ba lafiya lau yake, amma ɗakin yara ina za a ce ba ruwa? Kullum sai an goge ƙasa, wani ya zubar da kofi, wani ya yi fitsarin kwance an wanke. Da damina ta kankama, wajen watan Agusta lokacin da bangon ɗakin ke ɗaukar sanyi, sai na ga ƙasanta ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, fatar saman tana ɓarewa, hawa na ƙasa ya ƙi rufuwa, kayan ciki kuma suna warin fumfuna.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya faru wata rana da yamma. Ina kicin na ji ƙara, na fito da gudu na tarar namijin ya jawo durowoyin ƙasa guda biyu ya taka su kamar tsani zai ɗauko mota a sama, abin gaba ɗaya ya rinjayo ta gaba. Allah ne ya kiyaye gefen gado ya tare ta, shi kuma ya faɗa ta ƙasan wurin da ya rage, ko ƙwarzane bai yi ba. Na daɗe zaune a ƙasa na riƙe shi jikina yana rawa. Daga baya na karanta cewa ba a kanmu aka fara ba, a shekarar 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka saboda irin wannan faɗowar ta yi ajalin ƙananan yara. Dalilin ɗaya ne a ko'ina, in aka jawo durowa waje nauyin yana komawa gaba, in yaro ya ɗora nasa a kai shikenan. Dan Allah duk mai doguwar durowa ko sif a inda yara ke wasa ta sa a ɗaure mata shi da bango, ko da ba za ta ɗauki komai daga maganata ba ta ɗauki wannan.

Bayan nan ne na ce wa Abbansu ni ba zan ƙara sayen na kanti ba, kafinta nake so. Shi ya fi son a yi babban sif mai murfi da madubi irin na ɗakin amare, ya ce ai araha ba ta ado, a yi mai tsada sau ɗaya a huta. Na ce masa ba tsadar ce matsalar ba, durowar ma ai ba araha na saye ta ba. Babban sif tsayin manya ne, yaro ba ya kaiwa, kullum sai ya kira ni ko ya taka wani abu, ga shi ranar da mai gida ya ce mu tashi fitar da shi ta wannan ƙofar sai an kwance shi, kuma irin waɗannan in aka kwance sau ɗaya ba sa komawa daidai.

Wata Asabar muka je 'Yan Katako a Na'ibawa da wani dattijon kafinta da ke unguwarmu, kuma gaskiya zuwan nan ya fi min komai amfani. Ya ɗauko guntun MDF da guntun filawud ya ce Hajiya duba bakinsu. Na MDF ɗin sumul yake kamar an daskarar da gari, na filawud kuwa ana ganin layi-layi, siraran katako ne aka jera aka manne, kowane falle zarensa ya gitta na ƙasansa, shi ya sa yake riƙe ƙusa kuma ba ya saurin lanƙwasa. Ya ce shi ma ba a jiƙa shi da gangan, amma in ya sha ɗan ruwa ya bushe yana nan, ba kamar wancan da in ya kumbura ya tafi kenan ba. Ya kuma nuna min yadda ake gane mara kyau, in kin ga ramuka a tsakanin layukan ko fallen sama yana ɗagowa da farce ki bar shi ko nawa aka rage miki.

Ga lissafin da ya yi mana a bayan wata takarda, na ajiye ta har yanzu. Allo ɗaya ƙafa 4 ne a faɗi ƙafa 8 a tsawo, wato wajen santimita 122 da 244. In aka tsaga shi a tsaye gida uku ana samun dogaye uku masu faɗin santimita 40, kuma wannan zurfin ya ishi kayan yara har da saura, in ya fi haka kaya ne za su dinga ɓuya a can ciki a manta da su. Allo biyu masu kaurin milimita 18 muka saya, da siriri guda ɗaya na rufe baya. Tsayin kantar santimita 120 kawai, an raba ta gida uku kowanne faɗinsa wajen 60, don ya ce in kanta ta cika faɗi ba tokari a tsakiya sai ta yi ciki komai kyan katakon. Ya sa mata ƙafafun ƙarfe da suka ɗaga ta daga ƙasa kamar tsawon tafin hannu, tsintsiya da abin goge ƙasa suna shiga, ruwa ba ya taɓa katakon, kuma in gara ta fara hawa za a ga hanyarta da wuri. Ta sama ya huda bango wuri biyu ya ɗaure ta da ƙarfe, sai da muka nemi izinin mai gida tukuna, bai hana ba.

Murfi kuwa na ce kar a sa ko ɗaya, durowa ma haka. A nan muka ɗan ja da kafintan don shi a ganinsa aiki ba murfi bai ƙaru ba. Amma ni na riga na ga abin da ke fara lalacewa a kayan ɗaki, ba jikin ba ne, abubuwan da ke motsi ne, ƙarfen da murfi ke juyawa a kai, layin da durowa ke gudu, mariƙi, zif. Yaro yana lilo da murfi, yana matse yatsa a ciki. Kuma cire su ya rage kuɗin aikin sosai, wanda a wannan zamanin tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi ba ƙaramin abu ba ne.

Na san tambayar da za a yi, ƙurar hunturu fa? Ai kuwa ita ce ta fi damuna nima, don a Kano daga Disamba zuwa Fabrairu ko cikin kwanon da aka rufe sai ta shiga. Yadi mai ɗan kauri na sayo a Kantin Kwari na kai wa tela ya yi min labule gida uku aka zura a siririn ƙarfe a gaban kantar, in ya yi datti na cire na wanke. Ba ya tare ƙura ɗari bisa ɗari, gaskiya, farin yunifom sai na sa shi a leda in sanyi ya yi tsanani, amma da damina ya fi murfi nesa ba kusa ba saboda iska na ratsawa, tunda aka yi ta ban ƙara jin warin fumfuna ba.

Gidan dama na yarinyar ne, na hagu na yaron, na tsakiya aka gitta bututun ƙarfe a sama inda nake rataye duk abin da aka goge, rigunan yara gajeru ne ba sa cin wuri, ƙasansa kuma kwanduna. Kwandunan roba ne masu huji-huji na sayo a Kofar Wambai, kowa da kalarsa, ita ja shi shuɗi, tun kafin yaron ya iya karatu ya san nasa. Ki je da ma'aunin kantarki in za ki saya, ni sai da na mayar da biyu saboda sun fi wurin faɗi, kuma ki lanƙwasa bakin kwandon da hannu, in ya yi fari a wurin ko ya yi ƙara to busasshiyar roba ce ba za ta kai ko'ina ba. Safa da kamfai da singileti ba na ninke su yanzu, jefawa kawai ake yi a kwandonsu. Kayan autana suna can saman kantar a robobi biyu masu murfi tunda ni kaɗai ke ɗauka.

Wani abu da kafinta ba zai yi miki ba shi ne rage kayan. Da na zazzage komai a tsakar ɗaki na ga fiye da rabi ba a sawa, wasu sun yi kaɗan wasu an saya da girma ana jira, wasu kyauta ce ta suna da ba a taɓa buɗewa ba. Na ware waɗanda ƙani zai gada, sauran na kai wa wata maƙwabciyarmu mai yara ƙanana. Abin da ya rage a kanta shi ne wanda ake sawa a wannan lokacin kawai.

Su kuma kayan jira da na Sallah da rigunan sanyi, adakar ƙarfen Ummata ce ta ɗauke su, wadda aka kai ta ɗakin aure da ita. Da na je ɗauka ta ce ke da kika ce tsohon yayi ce? Na ce Umma ai na dawo hanya. Ɓera ba ya huda ta, kyankyaso ba ya shiga in murfin ya zauna daidai, na goge tsatsar gindin na shafa fenti na ɗora ta a kan bulo biyu, kuma kullum da kwaɗo a jiki saboda kar yaro ya buɗe murfin ya faɗo masa a hannu ko ya shiga ciki wasan ɓuya. A ciki kowane rukuni da ledarsa na rubuta shekarun da zai yi wa, kuma sai kaya sun bushe ƙayau a rana nake sawa.

Kafur ne kawai ban sa ba, kuma ina roƙon masu jarirai su kiyaye. Mun taso muna gani ana watsa ƙwayoyin nan farare a cikin kaya, nima da ina yi, sai da wata nas ta ja min kunne lokacin da na haifi autana. Sinadarin da ke cikin yawancinsu, naftalin, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini ga yaran da aka haifa da ƙarancin wani abu da ake kira G6PD, wanda yana da yawa a ƙasar nan musamman ga maza, sai jariri ya yi shawara mai tsanani daga sa kayan da suka sha kafur kawai, banda haɗarin mai rarrafe ya tsinta ya kai baki ya zata alewa ce. Busasshen ganyen darbejiya da ɗan kanumfari nake ƙullewa a tsumma na jefa a kusurwar adakar kamar yadda kakarmu ke yi, ina kuma fito da kayan na shanya duk bayan 'yan watanni.

Damina biyu kenan kantar tana nan, abin da ya lalace kwando ɗaya ne da yaron ya kifa ya hau kai, na sayi wani. Gefen hagu ya ɗan yi baƙi daidai inda yake dafawa da hannun miya, na bar shi sai hutun ƙarshen zango a goga a sake shafa mata mai. Jiya da daddare ina shayar da ƙaramin na ji yayar tana ce wa ƙaninta ya ɗauko safarsa ya sa a cikin takalmi tun yanzu, ya je ya janye labulensa ya ɗauko da kansa, ko kirana bai yi ba.