Asabar a Gusau, na zazzage jakar littattafai

Tun daren jiya babu wuta a Tudun Wada, wayata ta mutu, labarin da nake bi a WhatsApp ya tsaya daidai inda amarya ta faɗi a sume. Bayan azahar na jawo tsohuwar jakar nan ta ƙarƙashin gado. Gara ta yi min ta'adi, ta cinye bangon Ruwan Bagaja, sai dai Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna nan ciki suna cutar juna kamar yadda suka saba tun 1934.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu na ɗauka, wai in ɗan leƙa. Ban ɗago ba sai da aka kira la'asar, tuwon dare ko ruwansa ban ɗora ba. Ina 'yar sakandare na fara karanta shi, a ɓoye cikin littafin lissafi, kuma lokacin Saudatu ce ta tafi da ni, ita da auren da ta dace da shi. Yau kuwa idona na kan uwarta, Rabi. Mace da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ya kore ta saboda amaryarsa Delu, ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta. Da gobara ta lashe shagonsa, ita ɗin aka zo ana lallashi ta koma. A nan na kife littafin a cinya, raina ya ɓaci kamar a gidanmu aka yi. Ba a banza aka fassara shi zuwa Turanci a Indiya a 2012 ba.

Ɗiyar yayata ta same ni haka, ta ce, "Inna, mi kike ma hushi?" Na miƙa mata, na haɗa mata da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Siriri ne, zama ɗaya ake gama shi, amma tafiyar uwar nan cikin hamada neman ɗanta har yau tana sa ni hawaye. Ta ce ita na soyayya take so. To, ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko da yake wadda ta ari kashi na biyu shekarun baya ba ta dawo da shi ba, ta kuma san kanta.

Na rubuta sunana a shafin farko na kowanne kafin ta fita da su. An kawo wuta bayan isha'i, wayar na can tana caji.