Daga Oslo Zuwa Bergen a Motar Lantarki

Tsakanin Oslo da Bergen a ƙasar Norwe, in aka bi hanya mai lamba 7 wadda ta ratsa tudun Hardangervidda, kimanin kilomita 460 ne. Motar da muka ɗauko haya, ni da yayana, batirinta mai kilowat-awa 77 ne, wato yawan wutar da yake ɗauka ke nan, kuma a takarda an rubuta cewa tana cin kusan kilomita 500 kafin ta nemi caji. Da Yaya ya auna lambobin nan biyu, sai ya ce ai magana ta ƙare, a cika ta a Oslo, ba tsayawa sai Bergen.

Na ce, "Yaya, wannan 500 ɗin fa a ɗakin gwaji aka samo ta."

Gwajin da ake kira WLTP a cikin ɗaki ake yin sa, tayoyi na juyawa a kan na'ura, ɗumin wurin digiri 23, matsakaicin gudu bai kai kilomita 50 a awa ba. Babu iska, babu hawa, ba a kunna hita ba. Mu kuwa ƙarshen Oktoba ne, ga tudu a gabanmu wanda ya haura mita 1,200, sanyinsa ya isa ya daskarar da ruwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun daren jajibiri na zauna da waya. Akwai manhajar A Better Routeplanner, wadda za ka gaya mata irin motarka, da kashi nawa na batir za ka tashi, da kashi nawa kake so ka isa, da sanyin da ake ciki, ita kuma ta tsara maka inda za ka tsaya da minti nawa za ka yi. Tsarinta yana da kyau, amma ban ɗauke shi yankan wuƙa ba. Duk wurin da ta nuna sai na sake leƙa shi a PlugShare, inda direbobi ke rubuta ko caja na aiki ko ta mutu. Abin da na fi sa wa ido shi ne yawan kawunan caja a wurin. Tasha mai kai takwas, ko da ƙarfinta bai kai ba, ta fi min tasha mai kai biyu da aka rubuta wa kilowat 350, domin in ɗaya ya lalace wani kuma ya riga ka ɗayan, lambar da ke jikin allo ba ta tsinana maka komai. Sannan kowace tasha na nemo mata ƙanwa a kusa, wadda zan iya kaiwa da abin da ya rage a batir.

A gaskiya Norwe ita ce wurin da irin wannan tafiya ta fi sauƙi a duniya. A 2024 kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a ƙasar na lantarki ne zalla, kuma mafi yawan wutar ƙasar daga ƙarfin ruwa take. Ana gane motocin ta lambarsu, da harafin E take farawa, kuma tun kafin mu fita daga Oslo Yaya ya gaji da ƙirga su. In har a nan ma sai da shiri, to wanda zai yi tafiyar a inda tashoshi ke da nisa da juna ya san abin da ke gabansa.

Mun tashi da kashi 90. Muka bi hanyar E16 zuwa Honefoss, daga nan muka karkata hanya ta 7, tafkin Kroderen na gefenmu, muka shiga kwarin Hallingdal. Yawancin hanyar ba a yarda a wuce kilomita 80 a awa ba, abin da ya ƙona wa Yaya rai, ni kuwa ya yi min daɗi. Iskar da mota ke ture wa a gabanta ita ce babbar mai shan batir a doguwar tafiya, kuma in gudu ya ninka biyu, turjiyar iskar ninkawa huɗu take yi. Mai gudun 120 zai riga mai gudun 90 isa tashar caji, amma zai fi shi daɗewa a tsaye, wani lokacin ma sai ya ƙara zango guda.

A gaban sitiyari motar na nuna kilomitocin da take ganin sun rage. Na daina kallon wannan lamba tun da wuri. Hasashe ne kawai, daga irin tuƙin da aka yi mata a baya take ƙiyasta shi, ba ta san akwai dutse a gaba ba. Kashin batir nake bi, da kuma wutar da muke ci a kowane kilomita 100, wadda ta tsaya wajen kilowat-awa 20.

A Gol aka yi gardama ta farko. Mun iso da kashi arba'in da 'yan kai, ga tashoshin caji a bakin hanya babu layi. Yaya ya ce, "Kai, tsaya mu cika mana. Wa ya ga ruwa ya wuce da ƙishi?" Na ce ya yi haƙuri sai Geilo, saura kilomita hamsin. Ya dube ni irin kallon da yake min tun muna yara, bai dai ce komai ba.

Dalilina shi ne batir ba ya karɓar wuta da gudu ɗaya daga ƙasa har sama. Kamar cika buhu ne: da farko zubawa kawai kake yi, da ya kusa baki sai da girgizawa da dannawa. In ya yi ƙasa, wajen kashi 10 ko 20, yana zuƙar duk abin da caja ta ba shi. Da ya wuce rabi sai motar ta fara rage wutar don kare batirin, daga kashi 80 zuwa 100 kuwa lokacin da za a ɓata yakan kai wanda aka yi daga 10 zuwa 80. Wanda ya saba da gidan mai ya saba da "a cika tanki", kuma wannan sabon shi ne ke cinye wa sababbin direbobin lantarki lokaci. Mai wayo yakan iso da kaɗan, ya ɗebi abin da zai kai shi zango na gaba da ɗan rara, ya ƙara gaba.

Akwai kuma batun sanyi. Batir mai sanyi ba ya karɓar caji da sauri, in aka tilasta masa ma lalacewa yake yi, shi ya sa motar da kanta take taƙaita wutar. Maganin abin shi ne a sa tashar cajin a taswirar motar kanta, ba ta waya ba, tun da sauran tafiyar rabin awa. Da ta san caji za a je, sai ta fara ɗumama batirin a hanya. Tana cin wuta kaɗan wajen yin haka, amma tana biya da riba.

Daga Gol hanya ta fara hawa a hankali. Geilo na wajen mita 800 sama da teku, gari ne na masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma mun shige shi da kashi 25. Na jona kan CCS, wanda shi ne na caji mai sauri a kusan duk motocin Turai, allo ya haura kilowat 130, Yaya ya saki fuska. Ba a jima ba wata mota ta jona a ɗaya kan na akwatin da muke, sai namu ya faɗo. Wasu cajojin haka aka ƙera su, ƙarfin akwati ɗaya ake raba wa motoci biyu. Dattijuwar da ke tuƙa motar ta lura, ta ba mu haƙuri, ta cire ta koma wani akwatin da ba kowa. Da ta ji tudu za mu hau, ta ce kada mu tashi da ƙasa da kashi 70, domin can sama in iska ta taso ba ta da ta ido. Muka yi kusan rabin awa, muka cire a kashi 80.

Hardangervidda wuri ne da baki ba ya iya kwatanta shi. Bishiyoyi na raguwa, na gajarta, har su ƙare ƙaf. Sai fili iya ganinka, duwatsu da tafkuna da farar ƙanƙara jefi-jefi, da dogayen sanduna a gefen titi waɗanda ke nuna wa motar share ƙanƙara inda hanya take in komai ya binne. An ce garken barewar daji mafi girma a Turai a nan yake, mu dai ko ɗaya ba mu gani ba. Iska na bugun motar ta gaba, kashin batir na sauka kamar ana korar sa. Yaya ya yi shiru, idonsa na kan allo.

Don in kwantar masa da hankali na yi masa lissafin a fili. Ɗaga mota mai nauyin tan biyu sama da tsawon mita 1,000 na cin kusan kilowat-awa biyar da rabi, ban da abin da tafiyar kanta ke ci. Wannan bashi ne dutse ya karɓa, kuma zai biya wani abu daga ciki a gangara. Sai ya kawo wata damuwar: da hunturu akan rufe hanyar, a tara motoci su jira motar share ƙanƙara ta ja su a ayari, to in aka tsare mu a sanyin nan fa? Hitar motar lantarki, in gida ya riga ya ɗumama, kilowat ɗaya zuwa biyu take ci. Da kashi 60 a batir za mu iya zama kusan kwana guda cur ba mu ji sanyi ba, kuma babu hayaƙin salansa da zai dame mu. In ana son tsimi ma sai a rage hita a kunna ɗumin kujera, wanda cinsa bai taka kara ya karya ba.

Bayan Dyranut, inda hanya ta fi tsawo, wajen mita 1,250, sai gangara. Mun tsaya kallon ruwan Voringsfossen da ke zubowa daga tsawon mita 182, sannan muka shiga kwarin Mabodalen, inda titi ke murɗawa cikin ramukan da aka haƙa a dutse. A nan motar lantarki ke nuna bajintarta. Da ka ɗaga ƙafa daga totur, injin sai ya koma janareta, yana riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir. Kusan ban taka birki ba har ƙasa. Yaya ya ga lamba ta ƙaru da ɗaya, ta sake ƙaruwa, ya ce, "Ikon Allah! Mota na tafiya mai na ƙaruwa." Ba duk abin da hawa ya ci ne ke dawowa ba, wani ya tafi a zafi da iska. Kuma da mun cika batir maƙil a sama, da babu inda wutar za ta shiga, sai dai birki ya sha wahala a banza.

Daga Eidfjord muka haye gadar Hardanger, wadda aka buɗe a 2013, muka faɗa rami mai shataletale a cikinsa an haska shi da shuɗiyar fitila, muka wuce Voss, muka shiga Bergen cikin ruwan sama da kusan rubu'in batir. Masaukin da na zaɓa don wurin cajinsa na zaɓe shi. Irin wannan caja ta bango ba ta da igiya, sai ka fito da taka daga but, kuma ko an rubuta mata kilowat 22, motarmu 11 kawai take karɓa, domin na'urar da ke juya wutar a cikin motar take, iyakarta ke nan. Muna barci ta cika. A duk tafiyar, wannan ne cajin da bai ci mana ko minti ɗaya ba.

A komowa muka bi E16 ta Gudvangen da Flam don mu ga ramin Laerdal, mai tsawon kilomita 24.5, wanda aka buɗe a 2000, babu ramin mota da ya kai shi tsawo a duniya. An yi masa manyan koguna uku a ciki masu hasken shuɗi da rawaya don kada gyangyaɗi ya kwashe direba. Mun fito da ƙasa da rabin batir, ga hawan Filefjell a gaba, don haka na nufi tashar da na sa a tsari. Kai biyu ne da ita. Na CCS allonsa baƙi ƙirin, na danna, na cire na mayar, shiru. Ɗayan kuma CHAdeMO ne, irin na tsofaffin Nissan Leaf, bakinsa ba ya shiga motarmu ko da za a kwana ana gwadawa. Na kira lambar da ke jiki, aka ce an san da matsalar, mai gyara na nan tafe, ba a dai faɗi yaushe ba.

Ƙanwar da na nemo mata tun a Oslo tana 'yan kilomitoci gaba, mai kilowat 50 ce. Ba ta karɓar katin banki, sai da na sauke manhajar kamfanin a tsaye cikin iska, na yi rajista, na sa kati, yatsuna na ƙagewa. Wannan tarin manhajoji shi ne abin da ya fi ba ni haushi a harkar gaba ɗaya, kowane kamfani da tasa, alhali sayen wuta bai kamata ya fi sayen mai wuya ba. Tashoshin Tesla da yawa a Norwe an buɗe su ga sauran motoci tun 2022, kuma suna da kawuna da yawa, amma su ma yawanci da manhajarsu ake biya, igiyar yawancinsu kuma gajera ce, in bakin cajin motarka na ɗaya ɓangaren sai ka tare wurin mutum biyu.

Muka ɗebi abin da zai haye da mu dutsen, muka ƙara a Fagernes, muka shiga Oslo da dare. Yarjejeniyar haya ta ce a dawo da mota da kashi 70 ko fiye, don haka sai da muka sake tsayawa a bakin gari. Yaya ne ya fita ya jona da kansa, kuma da lamba ta kai 71 ya zare igiya ya ce in ja mu tafi.